Yadda za ka hana shafinka korar waɗanda suka riga suka shiga bayan ka ƙara saba ta biyu

Alamar wannan matsala ba ta ɓuya. Shafi yana tafiya lafiya a kan saba guda, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun masu ziyara, jama'a suka yi yawa, aka ƙaro ta biyu da ta uku, aka sa mai raba kaya a gabansu, wato lod balansa. Kafin a ce me, ƙorafi ya fara shigowa. Mutum ya sa sunansa da kalmar sirri, ya shiga, ya danna wani wuri, sai a mayar da shi shafin shiga kamar ba a taɓa ganinsa ba. Ya sabunta shafin, sai ga shi a ciki kuma. Kwandon sayayyarsa ya cika, ya koma fanko, ya sake cika.

Tushen abin shi ne HTTP, yaren da burauza da saba ke magana da shi, ba ya tuna kowa. Kowace buƙata da burauza ta aiko tana zuwa ne ita kaɗai, ba ta da labarin wadda ta gabace ta. Dabarar da aka samo tun 1994, lokacin da Lou Montulli ya ƙirƙiro kuki a kamfanin Netscape, ita ce saba ta ba wa burauza wata doguwar lamba da ba a iya cankarta, burauza kuma ta riƙa maido da ita a duk buƙatar da za ta aiko. A PHP sunan wannan kuki PHPSESSID, a Java JSESSIONID, a Django sessionid, a Express kuma connect.sid. Lambar ce kawai ke hannun burauza. Bayanin zaman kansa, wato wane ne wannan mutum, yaushe ya shiga, me aka ba shi izinin yi, yana ɓangaren saba.

To, a ina ainihi yake zaune? In ba ka taɓa saitin ba, PHP a fayil yake rubuta shi a kan faifan sabar da ta karɓi mutumin. Tomcat da express-session da tsohon ASP.NET kuwa a RAM suke riƙe shi, cikin manhajar da ke gudana. Mai raba kaya shi kuma bi da bi yake rabo: wannan buƙata ga saba ta ɗaya, mai bi mata ga ta biyu. Ta biyun ta karɓi lamba, ta duba wurinta, ba ta ga komai ba, ta ce ban san ka ba.

Gyaran da ke ɗorewa guda ɗaya ne: kada wata sabar shafi ta riƙe abin da 'yar'uwarta ba za ta iya samu ba. Duk matakan da ke tafe hanyar kaiwa ga wannan ce, har da wanda ya yi kama da kauce masa.

Mataki na 1: Tabbatar da cutar kafin ka sayi magani

Abubuwa uku ne ke haifar da alama iri ɗaya, kuma maganinsu ya bambanta. Don ka rarrabe su, sa kowace saba ta riƙa faɗin sunanta a cikin amsa. In Nginx ne (manhajar da ke miƙa shafi, tana kuma iya raba kaya) a kan sabobin baya, wato waɗanda ke bayan mai raba kaya, layi ɗaya ya isa:

    add_header X-Served-By $hostname always;

Sai ka shiga da asusun gwaji ta hanyar curl, umarnin da ke aika buƙata ba tare da burauza ba, ka ajiye kuki a fayil, ka maimaita buƙata ɗaya sau da yawa:

    curl -s -o /dev/null -c kuki.txt -d "suna=gwaji&sirri=abcd" https://example.com/shiga

    for i in 1 2 3 4 5 6 7 8; do
      curl -s -o /dev/null -D - -b kuki.txt https://example.com/asusuna | grep -iE "^HTTP|served-by|set-cookie"
    done

Idan fom ɗin shigarka yana neman tokin CSRF, wato ɓoyayyar lambar da ke tabbatar da cewa fom ɗin daga shafinka ya fito, yi gwajin a burauza, ka buɗe kayan masu gini da F12, ka riƙa kallon abubuwan nan uku a kowace buƙata.

Yanzu karanta sakamakon. Idan ka ga 200 (an karɓe ka) duk lokacin da sabar da ka shiga ta kanta ta amsa, 302 ko 401 kuma (an tura ka wani shafi ko an ƙi ka) duk lokacin da wata ta amsa, to wurin ajiya ne ko kuma mabuɗin sa hannu. Idan fayil ɗin kuki.txt fanko ne tun farko, ba a ma ba ka kuki ba, ka tsallaka zuwa mataki na 5. Idan kuma ana korarka ko da wace saba ta amsa, amma sai bayan wasu mintoci, to wa'adin zaman ne ke ƙarewa ko ana share shi, wannan na mataki na 6 ne.

Akwai wani abu da ke rikita mutane a PHP. Muddin session.use_strict_mode a kashe yake, kuma haka yake zuwa, sabar da ba ta san lambar ba ba za ta ƙi ta ba. Za ta buɗe sabon zama fanko da wannan lambar. Shi ya sa wani zai ce maka da ya shiga sau biyu abin ya daidaita: ya shiga a kan kowace saba ne daban da lamba ɗaya. Wannan ba lafiya ba ce, alama ce ta cewa manhajar ba ta sauya lambar zama bayan an shiga, wanda shi kansa ɓaraka ce ta tsaro. Kunna wancan saiti, ka kuma kira session_regenerate_id(true) da zarar kalmar sirri ta yi daidai.

Mataki na 2: Tsayar da jinin da manne mutum ga saba guda

Idan shafin yana wahalar da mutane a daren nan, hanya mafi sauri ita ce ka gaya wa mai raba kaya ya riƙa mayar da kowane mutum ga sabar da ta fara karɓarsa. Ba sai ka taɓa manhajar ba. A HAProxy, ɗaya daga cikin manhajojin raba kaya, haka ake yi:

    backend shafi
        balance roundrobin
        cookie SABA insert indirect nocache httponly secure
        option redispatch
        server s1 10.0.0.11:80 check cookie s1
        server s2 10.0.0.12:80 check cookie s2

HAProxy zai ƙara nasa kuki mai suna SABA, ya rubuta s1 ko s2 a ciki, ya riƙa bin sa. Kalmar nocache tana hana wata ma'ajiyar wucin gadi da ke kan hanya ta ajiye amsar da ke ɗauke da kukin ta rarraba wa kowa. Shi kuma redispatch yana ba da damar a kai mutum wata saba idan tasa ta faɗi, maimakon a bar shi yana buga ƙofar da ba mai buɗewa. A kan AWS, Application Load Balancer yana da irin wannan saiti. Kukinsa AWSALB, kuma ana iya sa masa wa'adi daga daƙiƙa 1 zuwa kwana 7.

A Nginx abin da aka fi miƙa wa hannu shi ne ip_hash, ni kuwa ba na ba da shawararsa sai in babu yadda za a yi. Kashi uku na farko na adireshin IPv4 yake dubawa, don haka duk ma'aikatan kamfani ɗaya, ko ɗimbin masu waya da kamfanin sadarwa ya fitar ta adireshi guda, a saba ɗaya za su taru. Wanda ya bar Wi-Fi ya koma data adireshinsa ya sauya, sabarsa ma tana iya sauyawa. Idan kuma akwai CDN a gaba, wato sabobin da ke tsaye tsakanin baƙo da shafinka don ƙara sauri, adireshin CDN ɗin Nginx zai gani, ba na mutumin ba, sai fa an saita shi ya ɗauko na ainihi.

Mannewa da kuki ya fi wannan, amma ka san abin da ka saya. Ranar da s1 ta mutu, duk wanda ke kanta sai ya sake shiga. Ranar da za ka ɗora sabon aiki ka sake tayar da manhaja, in a RAM zaman yake, haka nan. Ka ƙara saba ta uku don cunkoso ya yi sauƙi, amma tsofaffin baƙi suna nan manne da biyun farko, sabuwar sai masu shigowa daga baya. In kana da tsarin da ke rage sabobi da kansa idan dare ya yi, duk wadda aka kashe da mutanenta za ta tafi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ka bar mannewar a kunne har ka gama sauran matakan, amma ka sa a ranka cire ta za ka yi.

Mataki na 3: Fitar da zaman zuwa ma'ajiya ɗaya da kowa ke gani

Nan ne ainihin aikin yake, kuma zaɓin wurin ajiya ya cancanci a zauna a yi tunani.

Rumbun bayanan da kake da shi, MySQL ko PostgreSQL, shi ne na farko da ya kamata ka duba, kodayake mutane kan raina shi. Yana nan, ana yi masa ajiyar kariya, ka san yadda ake kula da shi. Django ma can yake ajiye zama tun asali, a tebur mai suna django_session, shi ya sa masu Django ba su cika gamuwa da wannan matsala ba sai sun sauya saitin da hannunsu. Illarsa ita ce kowace buƙata tana jawo karatu ɗaya, sau da yawa har da rubutu, a kan rumbun da dama shi ne ya fi komai shan wahala. Ga matsakaicin shafi wannan ba wani abu ba ne. Sai dai ka tuna da share tsofaffin layuka. A Django umarnin clearsessions ne ke yi, kuma ba ya gudana da kansa, sai ka sa shi a cron, mai gudanar da umarni a kan jadawali.

Redis, wata ma'ajiyar bayanai mai sauri, shi ne abin da akasari ake komawa idan jama'a sun yi yawa. Salvatore Sanfilippo ya fitar da shi a 2009. A RAM yake aiki, yana saurare a ƙofa ta 6379, kuma kowane mabuɗi ana iya sa masa wa'adi ya goge kansa, wanda shi ne daidai abin da zama ke buƙata. Valkey, da aka tsago daga jikinsa a 2024 ƙarƙashin Linux Foundation, yana jin yare ɗaya da shi, don haka abin da ke nan ya shafe shi. Memcached ma yana da sauri, amma ba ya rubuta komai a faifai, kuma idan wuri ya ƙure yana zubar da tsofaffin abubuwa ba tare da ya tambayi kowa ba. An gina shi ne don abin da ba a damu in ya ɓace ba. Zaman mutum ba ya cikin wannan sahu.

Akwai masu haɗa folda ɗaya ta NFS su nuna wa dukkan sabobi ita. Yana aiki a gwaji. Amma PHP yana kulle fayil ɗin zama a duk tsawon buƙata, kulle fayil ta kan hanyar sadarwa kuma abu ne mai jinkiri da saurin cijewa. Da sabar NFS ta yi tari, sai duk shafin ya tsaya cak. Ka bar wannan hanya.

Ga yadda ake haɗa PHP da Redis, bayan ka girka ƙarin phpredis a kan kowace saba:

    session.save_handler = redis
    session.save_path = "tcp://10.0.0.20:6379?auth=KALMAR_SIRRI&database=1"
    session.gc_maxlifetime = 7200

Kada ka yarda da php.ini kawai. A dangin Red Hat, fayil ɗin www.conf na PHP-FPM yana zuwa da layukansa da ke tilasta ajiya a fayil, kuma su ke rinjaye. Bayan ka sake tayar da PHP-FPM, shiga shafin, sannan ka leƙa Redis da kanka:

    redis-cli -h 10.0.0.20 -a KALMAR_SIRRI -n 1 --scan --pattern "PHPREDIS_SESSION:*"

In ba ka ga komai ba, har yanzu a faifai ake rubutawa.

A Laravel SESSION_DRIVER za ka mayar redis ko database. A Express, connect-redis za ka ba wa express-session a matsayin ma'ajiya. A Java, Spring Session yana ɗauke zaman daga hannun Tomcat ya kai shi Redis ko rumbun bayanai. Django tun sigar 4.0 yana zuwa da hanyar haɗuwa da Redis a jikinsa. Idan ka zaɓi cached_db, zai karanta daga Redis amma ya rubuta a rumbun bayanai ma, ta yadda ko Redis ya tashi fanko ba wanda za a kora. Abin da za ka kiyaye a nan shi ne kada ka ɗora zama a kan LocMemCache, domin wannan a cikin kowace manhaja yake daban, ka dawo gidan jiya ke nan.

Komai ka zaɓa, rage abin da kake zubawa a zama. Lambar mutum, lokacin shigarsa, tokin CSRF, ɗan abin da ba a rasa ba. Masu cusa dukkan bayanan asusu a ciki suna jawo wa kansu abu biyu: kowace buƙata sai ta ɗauko wannan kaya ta hanyar sadarwa, sannan a lokacin ɗora sabon aiki, sa'ad da saba ɗaya ke kan sabuwar siga ɗaya kuma kan tsohuwa, abin da wannan ta rubuta waccan tana iya kasa karantawa.

Wani zai ce, me zai hana a zuba komai a kuki a huta da ma'ajiya gaba ɗaya? Ana yi. Rails da Flask haka suke zuwa: Rails yana rufe bayanin ta yadda ba a karantawa, Flask kuwa sa hannu kawai yake yi, kowa na iya karantawa amma ba ya iya sauyawa. JWT, tokin mai sa hannu da ke ɗauke da bayanin mutum, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a RFC 7519 a 2015, tunani ɗaya ne. Kowace saba mai mabuɗin za ta iya tantance mutum ba tare da ta tambayi kowa ba. Kuɗin da za ka biya shi ne kuki ba ya wuce kimanin bayit 4096, kuma abin da ka riga ka bayar ba ka da hanyar karɓe shi. An sace tokin, ko ka kori ma'aikaci, tokin yana nan yana aiki har wa'adinsa ya cika. Maganin da aka saba shi ne tokin mai gajeren rai na 'yan mintoci, tare da wani na sabuntawa da ake ajiyewa a rumbu, ko jerin waɗanda aka soke da kowace saba za ta duba. Ka ga ma'ajiya ta dawo ta bayan gida. Ga shafin da mutane ke shiga ta burauza, ni zama a Redis ko rumbun bayanai nake zaɓa. JWT ya fi dacewa tsakanin manhaja da manhaja. In dai ka bi ta JWT, tabbatar agogon dukkan sabobi ya yi daidai ta NTP, da chrony ko makamancinsa, don sabar da agogonta ke baya za ta ga tokin da aka bayar yanzu kamar lokacinsa bai yi ba.

Mataki na 4: Mabuɗin sirri ya zama ɗaya a ko'ina

Wannan ne ke kama wanda ya gama mataki na 3 yana murna. Zaman yana Redis, kowa na ganinsa, amma har yanzu ana korar mutane. Dalili shi ne manhajoji da yawa suna sa wa kuki hannu ko su rufe shi da wani mabuɗi, kuma idan kowace saba da nata, abin da ɗaya ta sa wa hannu ɗayar za ta ɗauke shi jabu.

A Laravel APP_KEY ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa php artisan key:generate a cikin jerin umarnin ɗora aiki, sai kowace saba ta ƙirƙiro nata a kowane karo. A Django SECRET_KEY, a Rails secret_key_base, a express-session kuma secret. WordPress ba ya amfani da zaman PHP don shiga, amma layuka takwas na mabuɗai da ke wp-config.php, su AUTH_KEY da LOGGED_IN_KEY da sauransu, dole su zama iri ɗaya. Tsohon ASP.NET yana buƙatar a rubuta machineKey ɗaya a web.config. ASP.NET Core kuwa yana da tsarin Data Protection da ke ƙirƙiro mabuɗai da kansa ya ajiye su a kan na'urar, yana sabunta su duk kwana 90. Sai ka nuna masa wuri ɗaya da kowa zai ajiye, ka kuma ba su suna ɗaya da SetApplicationName. A cikin kwantena ta Docker abin ya fi muni, don duk sabuwar kwantena da sabon mabuɗi take tashi.

Don kwatantawa ba sai ka fito da sirrin a allo ba. Gudanar da wannan a kowace saba ka duba ko sakamakon ɗaya ne:

    grep APP_KEY .env | sha256sum

Ranar da za ka sauya mabuɗi, kada ka jefar da tsohon nan take. Django yana da SECRET_KEY_FALLBACKS tun sigar 4.1, Laravel 11 ya zo da APP_PREVIOUS_KEYS, express-session kuma yana karɓar jerin mabuɗai, ya sa hannu da na farko, ya amince da sauran.

Mataki na 5: Gaya wa manhaja cewa tana bayan mai raba kaya

Galibi HTTPS a wurin mai raba kaya yake ƙarewa, daga nan zuwa sabobin baya HTTP ne zalla. Manhajar sai ta ɗauka haɗin ba a tsare yake ba. Express, in ka sa kuki ya zama Secure, ƙin aika shi zai yi gaba ɗaya. WordPress kuwa yakan shiga tura mutum zuwa HTTPS ba iyaka har burauza ta gaji.

Sa mai raba kaya ya riƙa aika X-Forwarded-Proto da X-Forwarded-For, sannan ka ce wa manhaja ta yarda da su: trust proxy a Express, SECURE_PROXY_SSL_HEADER a Django, TrustProxies a Laravel. Sharaɗi ɗaya: sabobin baya kada su karɓi haɗi daga kowa sai mai raba kaya, shi kuma ya riƙa rubuta X-Forwarded-Proto da kansa a kan duk abin da baƙo ya aiko, in ba haka ba kowa na iya yin ƙarya da shi.

Sunan kuki, da Domain, da Path su zama ɗaya a duk sabobin. Sa Secure da HttpOnly. Abubuwa biyu kuma da ake ɗora wa mai raba kaya alhali ba ruwansa: shiga ta adireshi mai www sannan a koma marar www, da kuma SameSite. Tun 2020 Chrome yana ɗaukar kukin da ba a faɗi SameSite ɗinsa ba a matsayin Lax, don haka idan shafin biyan kuɗi ya maido da mutum ta hanyar POST, kukin ba lalle ya biyo shi ba, sai ya ga kamar an fitar da shi. Idan manhajarka tana ɗaure zama da adireshin IP, cire wannan; masu waya kawai yake azabtarwa.

Mataki na 6: Kula da ma'ajiyar, don yanzu komai a kanta ya rataya

Da can saba ɗaya ta faɗi rabin mutane ke fita. Yanzu Redis ya faɗi kowa ya fita, ba kuma mai iya shiga. Saboda haka kar ka girka shi ka juya baya.

Fara da tsaro. Ya zauna a hanyar sadarwa ta ciki, da kalmar sirri, ƙofar 6379 a rufe ga intanet. Duk wanda ya iya karanta wannan ma'ajiya ya mallaki asusun kowa da ke ciki. Tun sigar 6 Redis yana iya TLS da rarraba izini.

Sai abin da zai faru idan RAM ya cika. Saitin maxmemory-policy ne ke yanke hukunci. Na asali, noeviction, yana ƙin karɓar sabon rubutu, wato sababbin masu shiga za su ga kuskure. Su allkeys-lru da volatile-lru kuwa za su riƙa zubar da mabuɗan da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma tunda zama yana da wa'adi, yana cikin abin zubarwa a duka biyun. ElastiCache na AWS da volatile-lru yake zuwa. Wannan ne ke haifar da korar da ba ta da tsari, wadda ba ta barin sawu a kundin manhaja. Duba evicted_keys a cikin INFO stats. In lambar tana hawa, ka samo ɓarawon. Saitin na dukkan Redis ɗin ne, ba na kowace lambar rumbu ba, shi ya sa ya fi kyau zama ya samu nasa Redis daban da na ajiyar wucin gadi. Wani amfanin rabawar shi ne ranar da wani ya buga FLUSHALL don share ajiyar wucin gadi ba zai haɗa da jama'a ba. Lissafin wurin ma ba wuya: zama 100,000 mai kilobayit 2 kowanne kusan megabayit 200 ne, sai ka bar sarari a sama.

Kunna AOF, kundin da Redis ke rubuta kowane sauyi a faifai, da appendfsync everysec don ko an sake tayar da shi abin da zai ɓace bai wuce na kimanin daƙiƙa ɗaya ba. Don jure mutuwar na'ura, sa masa mataimaki da ke kwafa, da Sentinel uku, masu gadin Redis, da za su zaɓi sabon shugaba idan na farko ya faɗi, ko ka karɓi wanda kamfanin gajimare ke kula da shi. Kafin ka dogara da Sentinel, tabbatar direban da manhajarka ke amfani da shi ya iya magana da shi.

Wa'adi ma a daidaita shi. Na PHP daƙiƙa 1440 ne, minti 24 ke nan; Tomcat minti 30; Django mako biyu. Idan saba ɗaya tana kan 1440 ɗaya kuma kan 7200, wadda ta taɓa zaman a ƙarshe ita ke sa masa wa'adi. Adireshin da mai raba kaya ke bugawa don duba lafiyar saba kuma kada ya buɗe zama. HAProxy duk daƙiƙa 2 yake bugawa in ba a sauya ba, wato sau 43,200 a yini ga kowace saba.

Abu na ƙarshe a nan shi ne kulle. Sa'ad da PHP ke ajiya a fayil, buƙatu biyu na mutum ɗaya layi suke bi. phpredis ba ya kullewa sai an ce ya yi, don haka buƙatu biyu da suka tashi tare, ɗaya a s1 ɗaya a s2, kowace za ta karanta, ta sauya, ta rubuta, ta ƙarshe ta shafe aikin ta farko. Idan manhajar tana yawan rubutu a zama, sa redis.session.locking_enabled = 1, ka kuma riƙa kiran session_write_close() da wuri a shafukan da karatu kawai suke yi.

Mataki na 7: Ƙaura, gwaji, sannan cire mannewa

Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi lokacin da mutane suka yi ƙaranci, ka sanar cewa kowa zai sake shiga sau ɗaya. In ba ka son ko wannan, a PHP ana iya kwashe tsofaffin: kowane fayil sess_ da lambarsa, ka zuba abin da ke cikinsa a mabuɗin PHPREDIS_SESSION: da wannan lambar, da umarnin SETEX da wa'adinsa. Mannewa tana kunne, ka sauya sabobin ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai gwaji na gaskiya. Shiga, duba wace saba ke amsa maka, ka fitar da ita daga aiki:

    echo "set server shafi/s1 state maint" | socat stdio /run/haproxy/admin.sock

Wannan yana buƙatar stats socket mai izinin admin a saitin HAProxy. Sabunta shafin. Sunan sabar ya sauya, kai kuma kana ciki: ga abin da ake nema. Maido ta da state ready, ka yi wa ɗayar haka. Gwada cika fom a kan wannan saba ka aika shi ga waccan, don ka ga tokin CSRF ya wuce. Gwada ɗora hoto. In manhajar tana ajiye fayiloli a faifanta, za ka ga hoton yana bayyana yana ɓacewa, ciwo ɗaya ne da na zama, kuma maganinsa ma'ajiyar fayil ta bai ɗaya irin S3. Sake tayar da Redis ma da gangan ka ga ko manhajar tana sake haɗuwa da kanta. Sai duk wannan ya wuce za ka cire layin cookie daga HAProxy, ka maimaita gwajin mataki na 1.

Wuri guda da mannewa za ta ci gaba da zama dole shi ne Socket.IO, kayan aika saƙo nan take tsakanin burauza da saba, idan yana amfani da HTTP mai dogon jira kafin ya koma WebSocket, domin jerin buƙatun haɗi ɗaya sai sun sauka a saba ɗaya. Ware wannan hanya kaɗai ka manne ta, sauran shafin ka bar shi a sake.

Saura fita. Danna maɓallin fita, ka ɗauki tsohon kukin ka aika shi kai tsaye ga kowace saba. Duk su ƙi shi. Idan wata ta karɓa, ko dai fitar tana goge kuki ne a burauza kawai ba ta goge zaman a ma'ajiya, ko kuma wannan sabar tana riƙe da kwafi a RAM ɗinta. Haka nan idan mutum ya sauya kalmar sirri, sauran na'urorinsa ya kamata su fita. Django yana yin wannan da kansa, domin yana ajiye wani sa hannu da ya dogara da kalmar sirri a cikin zaman. A inda babu irin wannan, riƙe jerin lambobin zaman kowane mutum a Redis da umarnin SADD a lokacin shiga, ranar sauya kalmar sirri ka bi jerin ka goge duka ban da wanda yake kai a lokacin.